Jifa Biyar da Hannun Aro

Ranar Asabar ce, saura kwana tara a kama azumi, a damina ta biyu bayan an rushe Zango, ni kuma ina shirin shiga aji shida a lekol, wato makarantar boko. Tun da hantsi aka jera bencina uku a gindin dogon-yaron nan da katafila ta bari, dattawan unguwa suka zazzauna cikin manyan riguna, sun zo kallon wasan da ko sunansa ba su iya faɗa daidai ba. Wasu su ce "basibol", wasu su ce "wasan kulki", shi kuwa Kawu Idi, yayan mahaifiyata, da yake ya fi kowa son a san ya waye, sai ya ce "besbal" yana wani karkata baki. Mu yara ashirin da shida muna tsaye a layi cikin rana, yawancinmu ba takalmi, mun zuba wa baƙon da ya zo daga Japan ido. Ɗan gajere ne mai farar hula, ba ya jin Hausa, ba ya jin Mosanci, Faransancinsa kuma bai wuce na gaisuwa da ƙirga ba. An ce mana yara goma sha biyu zai ɗauka, a kai su wata cibiya a bayan gari inda za su yi karatu da horo shekara uku, ci da kwana duk a can, wanda Allah ya ɗaga kuma har ƙasarsu ana iya kai shi. Ni dai tun da asuba na riga na sa kaina cikin sha biyun. Ba girman kai ba ne. Kaf layin nan babu wanda ya kai ni jifa, kuma kowane yaro a wurin ya san haka.

Sai dai ni bahago ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne. Tun ina rarrafe Inna ta lura da hagu nake kai wa komai, ta ɗaura yaƙi. Ta naɗe hannun da tsumma, ta zura shi cikin tsohuwar safa, ta soke hannun rigata da allura. In na miƙa hagu cikin akushi, ludayi ne ke sauka a yatsuna kafin in taɓa tuwo. "Wannan na bayan gida ne," haka take cewa kullum, ba ta gajiya. A makarantar allo aka ɗora, a lekol ma malaminmu, da muke ce wa mushe, ya ɗora da rula, har na iya ci da dama, na iya rubutu da dama, rubutun da har yau ni kaɗai ke iya karanta shi. Ba ni da ja a kan wannan. Ci da dama, gaisuwa da dama, karɓa da dama, haka aka koya mana, haka nake yi, haka kuma nake koya wa 'ya'yana. Amma jifa babu wanda ya taɓa kafa mata doka, don babu babban da ya damu da hannun da yaro ke jifan ƙadangare da shi. Nan ne kawai aka bar wa hagun ɗan fili, ita kuwa ta riƙe shi da gaske.

Zangon da na tashi a ciki unguwa ce ta lunguna, gida manne da gida, in ka shiga ta zauren wani sai ka ɓulla ta bayan ɗakin wani. Aikina da safe in turo kurar ruwa daga famfo, in kai masar Inna bakin masallaci, in dawo in kwance awaki in zuba musu dusa. In mun samu sarari mu yi langa, mu yi gare da tsohuwar taya, mu yi ƙwallon tsumma har sai an leƙo an kira mutum da cikakken sunansa. Da rana ungulaye kan sauka a katangar mahauta inda ake shanya kilishi, kuma ni ake kira in kore su. Ladana ɗan guntun da ya ƙone a gefe. Daga ƙofar gidanmu nake samun ungulu a kan katangar nan, tazarar da sauran yara sai sun ruga sun rage rabinta. Lokacin mangwaro kuwa ni ke da gari. Yara su nuna min wanda suke so can ƙololuwa, in zaɓi dutse ɗaya in tsinko shi ta wuya, ya faɗo bai fashe ba. Wani tsoho mai goro da ke zama a dakalin bakin lungunmu yakan girgiza kai ya ce, "Yaron nan hannunsa na da ido." Kafin shi ban taɓa jin an yabi wani abu nawa ba, shi ya sa maganar ta zauna.

Sai aka zo da zancen gyaran tsakiyar gari, aka shafa fenti a bangaye, katafila ta shigo. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Wanda ya gani ya gani. Mutane suka watse, wasu can kudu bayan gari, wasu gabas. Babana direban babbar mota ne, yakan yi wata da watanni a hanyar Lome, don haka ni da Inna da ƙannena biyu muka tare a gidan Kawu Idi, wanda ke ƙetaren titi, layin da fentin bai kai ba. Daga ranar ya ɗauki tsirar gidansa a matsayin shaidar cewa ya fi kowa. Kawu ba malami ba ne, ba kuma wani ɗan kasuwar kirki ba ne. Shagon turarensa wani ɗan'uwa ke riƙe masa. Sana'arsa ta gaske ita ce zaman gaba. Ko suna, ko ɗaurin aure, ko jana'iza, ko taron 'yan siyasa, za ka same shi a sahun farko da riga ta sha sitati, yana gyara wa mutane abin da ba su tambaye shi ba. Liman na addu'a, shi yana ɗaga murya da "amin" don a san ya zo. A gida kuwa tarinsa kawai ya isa mu haɗiye dariya. Ni ke wanke masa babur, ni ke cika masa buta, ni ke share zaure kafin abokan hirarsa su iso, ɗansa Nasiru na kwance yana kallona. Muna cin tuwonsa, muna kwana ƙarƙashin kwanonsa, kuma bai taɓa bari mun manta ba ko na yini ɗaya.

Filin da aka share ya zauna haka nan, ba gini ba komai, ciyawa da tumfafiya suka cinye shi. Mushe Pol, malamin motsa jiki na lekol ɗinmu, shi ya zo mana da wasan. Wani kwas ya je na mako biyu, ya dawo da buhu ɗaya: kulki biyu, ƙwallaye huɗu masu tauri kamar goriba, da safar hannu ta fata guda shida. Ya koya mana iya abin da ya riƙe: ɗaya ya jefa, ɗaya ya maka da kulki ya zuba da gudu, ya taka tasha uku ya dawo gida kafin a maido ƙwallon. Tashoshin ba su ba mu wahala ba, don daɓen gidajenmu na nan cikin ciyawa. Tasha ta farko dakalin mai goro ce, ta biyu simintin wankan gidan liman, ta uku kuwa bakin ƙofar ɗakin Inna, har da ramin da ƙyauren ya ci. Inda mai jifa ke tsayawa, tudun ƙasar katangar mahauta ne. Safar hannun duka shida na masu jifa da dama ne, wato a hagu ake sa su. Ni sai in sa in cafe, in fizge ta in yar, in jefa da hannun. Mushe Pol ya gwada gyara ni sau biyu, ya ga ƙwallon na zuwa inda ake so, mai kulki kuma na ta dukan iska, sai ya ƙyale. Amma kallon mai lahani yake min, wanda ake haƙuri da shi saboda yana da rana. Ashe shi ma bai san komai ba. Mako biyu ai ba ya mai da mutum masani.

Da labarin zuwan baƙon ya iso, sauran yara Japan suke mafarki, jirgin sama da takalma masu ƙusa. Ni burina bai kai can ba. Shekara uku ba tarin Kawu, ba butarsa, ba "a gidan wa kake", wannan kaɗai ya ishe ni. Na samu wani guntun bango da ya tsira a ƙarshen filin, na zana da'ira da gawayi, kullum bayan na kai masa sai in tsaya in yi ta aika duwatsu cikinta har tsakiyar ta rarake. Inna ba ta san kan wasan ba, amma ta ga yadda nake, ta yanke tsohon wandon Baba ta ɗinka min gajere, ta wanke shi da bula.

To, mu koma ranar Asabar ɗin. Mushe Pol ne ya gayyato dattawa, don filin a idonsu har yanzu nasu ne, yana kuma tsoron ranar da za su ce a daina. An gwada mu gudu, an gwada mu dukan ƙwallo, a duka biyun ni tsaka-tsaki ne, ban damu ba. Sai aka zo jifa. Baƙon ya cire agogonsa ya ba direban da ya kawo shi, ya sa safar hannu, ya tsuguna da kansa a inda ake cafewa. Kowane yaro jifa biyar. Nasiru ya yi nasa, uku suka isa, biyu suka sha ƙasa, Kawu ya yi ta waige-waige yana karɓar barka. Ni ne na goma sha tara. Na hau tudun, na ajiye safar a ƙasa, na juya ƙwallon cikin yatsuna har na ji ɗinkinsa ya zauna inda nake so. Na ɗaga ƙafa ke nan sai muryar ta tsaga filin.

"Kai, Rabe! Mi kake shirin yi?" Kawu ne, ya miƙe tsaye yana baza riga. "Mutum ya ƙetaro teku ya zo garinku, ya durƙusa gabanka, kai kuma ka tura mai abu da hagu? Gaban manya? Haka uwarka ta koya maka? Maida shi dama!"

Mushe Pol ya matso yana murza hannu, ya ce a hankali, "Alhaji, wasa ne fa, kuma yaron da wannan ya saba." Kawu ko kallonsa bai yi ba. "Mushe, kai ka san lekol, mu mun san tarbiyya. Ba a zuwa Japan a ce 'yan Zango ba su da ladabi." Bencina uku suka gyaɗa kai a tare, mutanen da aka rushe wa gidaje suna kallo ba su ce uffan ba, yau ga su sun samu abin da za su tsaya a kai. Liman, wanda na tabbata ya san jifan ƙwallo ba ci ba ne ba gaisuwa ba, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mushe ya dube ni, ya dubi bencinan, ya ce min da Faransanci in yi yadda aka ce, ba komai. Baƙon na nan tsugune yana murmushi, ina jin ya ɗauka kirari ake min.

Na mai da ƙwallon dama. Wanda bai taɓa jifa da hannun da ba nasa ba ba zai gane ba: ƙafa ta rasa wadda za ta fara, kafaɗa ta ƙi juyawa, yatsu su saki ƙwallo tun lokaci bai yi ba. Na farko ya faɗi a tsakiyar hanya ya gangara. Na biyu ya tashi sama ya wuce kan baƙon. Na uku ya karkace ya doki robar wata mata mai sayar da zom-kom a gefe, ruwan gero ya fantsama a zanenta, filin ya ɗauki dariya, har da yaran da na sha tsinko wa mangwaro. Na huɗu da na biyar ban ma san inda suka nufa ba, hawaye ya riga ya rufe min ido. Baƙon ya rubuta wani abu gajere a takardarsa, ya ɗaga hannu a turo na gaba. Kawu ya koma ya zauna yana gyara riga, fuskarsa fes, kai ka ce unguwa ya ceto daga gobara.

Bayan azahar aka kira sunaye, ɗaya bayan ɗaya, daga wanda ya fi burge baƙon zuwa ƙasa. Na farko da na biyu da na uku an yi tafi, mata suka yi guɗa daga nesa, dattawa suka yi ta sa albarka. Daga na shida tafin ya fara sanyi. Wajen na takwas wasu dattawan sun fara laluben takalmansu, mai zom-kom ta ɗaure kayanta. Amma mu da muka rage a layi, a lokacin ne zaɓen ya fara mana. Duk sunan da aka buɗe baki za a kira, sai ka ce nawa ne. Nasiru ya fito na tara. Na goma wani dogo ne da ko ƙa'idar wasan bai gama sani ba. A na sha ɗaya ina ta faɗa wa kaina ai Mushe Pol ya sani, ai ya raɗa wa baƙon a kunne lokacin da suke cin abinci. Na sha biyu Mushe ya karanta shi bai ɗago kai ba, ya naɗe takardar. Ba a tafa wa yaron ba, don masu tafin sun riga sun kama hanya.

Abin da har yau ban yafe wa kaina ba bayan wannan ya zo. Baƙon mutumin kirki ne, ya bi mu da muka faɗi ɗaya ɗaya yana ba mu hannu yana ɗan rusunawa. Ya iso gabana. Ƙwallo na nan a ƙasa tsakanina da shi, ko taku biyu babu. Na gama aji biyar, Faransancina ya isa in ce, "Mushe, ka ba ni ɗaya da wannan hannun." Ko ba magana ma, in sunkuya in ɗauka in aika shi cikin da'irar gawayina ya gani da idonsa. Amma Kawu na tsaye a bayansa yana jiran a ɗauke su hoto, ni kuma na tuna ɗakin da muke kwana da mai ɗakin, na tuna fuskar Inna in aka ce ta kwashe 'ya'yanta. Na miƙa dama, na ce "mersi", yaron kirki mai tarbiyya. Da yamma ina ɗauraye kwanuka na ji Kawu a zaure yana ba abokansa labari: "Ba don ni ba, da yaron nan ya zubar muna da mutunci gaban baƙo." Inna ta ƙara min tsoka ɗaya a miya, ni kuwa ban ci ba.

Nasiru wata biyu ya yi a cibiyar ya dawo, wai tashin asuba da gudu sun yi masa yawa, wai kuma kullum wake. Kawu ya ce da ma wasan ba na 'ya'yan mutunci ba ne. Ni ban sake taka filin ba. Mushe Pol ya aiko sau ɗaya, na ce ina da aiki. Na gama firamare da ƙyar, na bi wani maƙwabcinmu kasuwa na koyi gwanjo, yau ina da rumfata a unguwar Zogona kusa da jami'a, ina sayar wa ɗalibai wanduna da riguna da huluna. Na ɗauka na binne maganar.

Wata rana na kwance dilar gwanjo sai ga hular besbol, shuɗiya, da harafi ɗaya a goshi, bakinta ya ɗan tauye. Ban rataye ta ba, na kifa a kaina. Wani ɗalibi mai yawan surutu da ke zuwa neman jins ya ce hular wata ƙungiya ce ta Amurka, ya karɓi wayata ya nuna min inda ake bin labarinta, ya saita min ta riƙa juya rubutun zuwa Faransanci. Daga nan ƙungiyar ta zama tawa, ba don ta iya ba, don ba ta rabo da shan kashi. A nan na gano cewa su ma kowace shekara, daidai lokacin da damina ta kankama a nan, sukan zauna su zaɓi yara daga makarantu, zagaye bayan zagaye, yadda dai aka yi mana a gindin dogon-yaro, sai dai nasu har zagaye ashirin. 'Yan zagayen farko ba su dame ni ba. Su ne ake sa wa kwat, a rungume uwa a gaban kyamara, masana su yi ta zuba suna cewa tun yaron na goye suka san zai kai. Ashe kowace ƙasa da Kawu Idinta a sahun gaba. Ni nawa daga zagaye na goma sha ɗaya suke farawa, inda ba hoto, ba tafi, sai suna da makaranta da tsayi da nauyi, layi ɗaya tak.

A shekara ta biyu da fara bi na lura da wani harafi da ake sa wa wasu masu jifa, daban da na sauran. Na tambayi ɗalibin. Ya ce ai alamar bahago ce. Na ce to, don a san mai lahani a kiyaye? Ya kwashe da dariya, ya kira ni Tonton, wato kawu, yadda ɗalibai ke kiran manya. "Haba Tonton, ina! Nemansu ake ido rufe. Ba su da yawa, kuma ƙwallonsu ta wani ɓangare yake zuwa, masu kulki ba su saba ba. Bahago ko jifarsa ba ta kai ta wani ƙarfi ba, sai a ɗauke shi a bar wancan." Ya ci gaba da zaɓen wandonsa. Ni kuwa na zauna kan dila ina dariya, irin wadda ba ta da daɗi, har mai rumfar kusa ya leƙo ya ce lafiya. Wato mutumin nan ya ƙetaro teku, ya tsuguna a kangon Zango, mai yiwuwa irina yake fatan gani, dattawan unguwa kuma suka haɗu suka ɓoye masa ni don kada ransa ya ɓaci. Ladabi ke nan. Ban ce da na je Japan ba. Wataƙila ni ma da wata biyu zan yi in dawo. Da da hannuna aka gwada ni aka ce ban isa ba, da tuni na manta. Amma hannun aro aka auna, aka rubuta sakamakon da sunana.

Tun daga nan na zama abin tsokana a layinmu. In zaɓe ya wuce sai in haddace sunayen 'yan ƙarshen nan, in yi ta bin su cikin ƙananan ƙungiyoyin da ake tura su: wannan ya ji ciwo a gwiwar hannu, wancan an sallame shi, labarin bai cika layi biyu ba. Wani bahago na zagaye na sha bakwai shekara huɗu ina bin sa, ranar da aka kira shi babbar ƙungiya na sa mai shayi ya zagaya layin kaf, suna sha suna tambaya ko matata ce ta sauka. Yawancinsu ba sa kai ko'ina, kuma wannan bai dame ni ba. An bar su sun jefa da hannunsu, abin da nake zuwa gani ke nan.

Bana, tsakiyar damina, Inna ta kira ta ce Kawu ya faɗi a bayi, ɓarin jikinsa ya shanye. Na dama. Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zuwa min a rai ba addu'a ba ce. Na yi mako uku ban je ba, sai da Inna ta ce in ban je ba kada in sake zuwa gaishe ta. Na hau babur da waya a aljihu, na riga na buɗe jerin sunayen bana, bahagwai uku a ciki. Tun daga Zogona nake shirya jawabina: zan karanta masa su, in fassara, sannan in tambaye shi ko ya tuna. Gidan na nan, amma dogayen gine-gine masu gilashi sun tsaya a ƙetaren titi sun tare masa rana. Zauren da ake cika a da ba kowa. Na same shi a tabarma an jingina shi da bango, cikin 'yar shara, bakin ya karkace da gaske yanzu, hannun dama a kan cinya kamar ajiyar wani. Ya ɗago hagu ya miƙo min. "Rabe," ya ce, da ƙyar ake ganewa, "ka yi haƙuri da hagu."

Na karɓa. Na zauna, na yi masa ya jiki, sannan na kawo maganar a hankali, na ce Kawu ka tuna baƙon nan na Japan, shekarar da aka zaɓi yara a fili? Ya yi ta lalube a ransa, ya ce, "Wane baƙo?" Ba wasa yake ba. Ranar nan da na shafe shekara ashirin ina ɗauke da ita a raina, shi ko alamarta babu a ransa. Taro ne kawai cikin tarukan da ya zauna a gaba. Wayar ta yi zamanta a aljihu. Da aka kira la'asar ya ce in mai da shi kan kujera, Nasiru tun safe ya fita. Na sunkuya na zura hannu ƙarƙashin hammatarsa, ban yi tunani ba hagu ce ta shiga, na ɗaga shi cak, bai kai rabin dila ba. Ya riƙe damtsena da hannunsa mai rai, ya matsa, ya dube ni da mamaki.

"Kai," ya ce, "ashe hannun nan naka na da ƙarfi."

Da na fito na tsallaka titi na tsaya inda nake zaton tudun yake. Yanzu wajen ajiye motoci ne, an shafe shi da kwalta, mai gadi na ta kallona. Ba dogon-yaro, ba dakali, ba bakin ƙofar Inna, mai goron nan kuma ya daɗe a ƙasa. A da wurin na da kwata da ungulaye da dattawa masu shiga abin da bai shafe su ba, kuma har gobe in na tuna bencinan nan uku sai raina ya ɓaci. Amma a da ko'ina ka sunkuya za ka samu dutse, ko'ina ka ɗaga kai akwai abin da za ka auna. Na duba ƙasa ko zan samu ɗaya, ko ɗan ƙarami, an share wurin tas. Shekara ashirin na jira Kawu ya ga hannun nan. Ya gan shi ranar da babu sauran abin da zan jefa.